Jawabi ga Hakimai da Malamansu a Kan Zaɓen Itatuwan Tare Iska

Maganar da ta tara jama'a yau ita ce ta itatuwa da ƙananan tsirrai masu saurin girma, waɗanda ake dasawa a jere don su tare iska daga gonaki da garuruwa, ko kuwa su zama sutura ga gidaje da makarantu da maƙabartu.

Duk wanda ya zauna a ƙasar arewa ya san iska biyu masu ɓarna. Ta farko ita ce ta hunturu, wadda ke busowa daga arewa maso gabas tun daga watan Nuwamba har zuwa Fabrairu, tana kwashe ƙasar sama ta gona, watau inda albarkar take. Ta biyu ita ce iskar da ke gaban hadari a farkon damina, mai fitowa daga gabas. Ita ce ke ɗebo rairayi ta yi ta bugun tsiron gero da shi har ya ƙone, ko ta binne shi ɗungum, manomi ya sake shuka sau biyu ko sau uku, irinsa ya ƙare, damina kuwa ta yi nisa. Farin da aka yi a 1973 da na 1984 sun nuna wa kowa yadda ƙasar da ba ta da itace take saurin lalacewa. Saboda haka ne Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Koriyar Ganuwa a 2007, Nijeriya kuma ta kafa wa shirin hukuma a 2015, don jihohi 11 na arewa, tun daga Kebbi da Sakkwato har Borno da Adamawa. Amma hukuma tsiro kaɗai take iya kawowa. Rayuwarsa tana hannun hakimi da dagaci da mai unguwa.

Yadda jerin itace ke tare iska

Da yawa suna zato jerin da ya fi cunkushewa shi ya fi amfani. Ba haka ba ne. In jeri ya toshe kamar katangar ƙasa, iska takan hau samansa ta faɗo a bayansa da ƙarfi tana juyi kamar guguwa. Wanda ya fi kyau shi ne wanda wajen rabinsa ganye ne, rabi kuwa kafa, iska ta ratsa shi ta fito a gajiye. Masana sun auna sun tarar jeri irin wannan yana kāre fili mai nisan tsawonsa sau goma ko fiye da haka. Watau itace mai tsawon mita 10 yana rage iska har nisan mita 100 a bayansa. A nan kuwa sai a kafa wani jeri.

Lalle ne jerin ya gitta wa iska, kada ya bi ta. Tun da iskar ƙasar nan daga gabas da arewa maso gabas take fitowa, sai a ja layi daga arewa zuwa kudu. Giɓi a tsakiyar jeri ya fi rashin jerin muni a daidai wurin, gama iska takan matsu ta cikinsa ta ƙara ƙarfi, kamar ruwa a bakin kwata. Inda ya zama tilas a bar hanya, a karkata ta. Haka kuma in manyan itatuwa sun yi tsawo gindinsu ya zama fayau, iska za ta bi ta ƙasa, don haka ake dasa gajerun tsirrai masu ƙaya a gefen da iska ke bugowa.

Itatuwan da za a zaɓa

Na farko shi ne dogon yaro, wanda wasu ke kira darbejiya, wasu maina. Asalinsa daga ƙasar Indiya ne, an fara dasa shi a Borno wajen 1928. Yana da saurin girma, yana jure fari, yana riƙe ganyensa da rani, in an sare reshensa ya sake tohowa, gara kuma ba ta cika damun katakonsa ba. Aibinsa biyu ne: ba ya son wurin da ruwa ke kwanciya, saiwarsa kuma tana rabon ruwa da shukar da ke kusa da shi. Irinsa ba ya ajiyuwa, in ya wuce 'yan makonni ba a shuka ba sai ya mutu.

Akwai misali a ƙasar Nijar, a kwarin Majiya cikin jihar Tawa. A 1975 aka fara dasa dogon yaro a can, layi biyu biyu, mita 4 tsakanin itace da itace, mita 100 tsakanin jeri da jeri. Da itatuwan suka girma aka auna, aka tarar geron da ke tsakaninsu ya ƙaru da wajen kashi 20 cikin 100, ban da itacen wuta da na gini da ake samu daga sassaken rassa.

Na biyu shi ne turare, wanda ake kira zaiti, ɗan asalin Ostareliya. Ya fi dogon yaro saurin tsawo, yana ba da sanduna miƙaƙƙu na rufin ɗaki. Amma mashayin ruwa ne ƙwarai, shuka ba ta yin kyau a gindinsa. Wurinsa gefen hanya da bayan gari, nesa da rijiya da lambu da gonar talaka.

Na uku ita ce bagaruwa. Tana jure fadama da ƙasar laka inda dogon yaro ba ya yi, ƙayarta tana hana dabbobi ratsawa, majema kuma suna sayen 'ya'yanta. A ƙasar jigawa mai ƙarancin ruwa, dakwara ta fi dacewa, ga ta kuma da ƙaro wanda ake fita da shi ƙasashen waje. Magarya da aduwa su ma sun isa cike ƙasan jeri.

Gawo ba shi da sauri a shekarunsa na farko, kuma yana zubar da ganye da damina, saboda haka ba shi kaɗai ake yin jeri da shi ba. Amma a cikin gona babu kamarsa, domin ba ya yi wa shuka inuwa, ganyensa taki ne, 'ya'yansa abincin dabbobi ne da rani. A ƙarni na 19 sarakunan Damagaram sun sa doka mai tsanani a kan saransa. Tun daga shekarun 1980 kuwa manoman Maraɗi da Damagaram suka koma barin tohon gawo da kalgo da sabara a gonakinsu suna gyara shi, abin da suke kira sassaben zamani, har miliyoyin itatuwa suka dawo ba tare da dashe ba.

Akwai wata baƙuwar ƙaya daga ƙasashen Amurka, wadda malaman daji ke kira firosofis. Tana da saurin girma, amma dabbobi na yaɗa irinta cikin kashinsu, har ta cinye makiyaya da bakin ruwa a wurare na yankin tafkin Cadi. Kada a kai ta inda babu ita. Kada kuma a dogara ga iri ɗaya tak. A farkon shekarun 1990 an ga dogon yaro yana ta bushewa a wurare da yawa na Nijar da arewacin Nijeriya.

Shingen gida da makaranta

Darnin kara da zana suna bukatar sabuntawa kowace shekara, ga kuma hatsarin gobara. Shinge mai rai ya fi su. Lalle yana yin duhu in ana aske kansa, mata kuma su sami na ƙunshi. Zogale yakan wuce tsawon mutum cikin shekara guda, ga ganyen miya da kwaɗo, sai dai ba shi da duhu, sai an haɗa shi da wani. Aguwa da dashi reshensu kawai ake yankewa a kafa kafin ruwa ya sauka, aguwa kuwa ita ce maganin tudun rairayi mai tafiya. Bini da zugu dabbobi ba sa cinsa, amma 'ya'yansa guba ne, bai dace da makaranta ko gidan da ke da ƙananan yara ba. Babban itace kuma kada a dasa shi jikin katanga, domin saiwarsa tana tsaga gini.

Abin da ke wuyan hakimi da malaminsa

Kafin a haƙa rami ko ɗaya, sai hakimi ya tara dagatai da masu gonaki da ardon Fulani, a yanke magana uku: gonar wa jerin zai ratsa, wa ke da itacen in ya girma, ina kuma burtali zai bi. Manomin da ya san reshen nasa ne shi zai yi gadinsa. Wanda aka ci masa gona ba shawara, da dare zai tuge tsiron. Abin da aka yanke, malamin hakimi ya rubuta, shaidu su sa hannu.

Lissafin tsiro ba wuya. Jeri mai tsawon kilomita 1, layi biyu, mita 4 tsakani, yana cin tsiro 500. A nemi 600, don maye gurbin waɗanda za su mutu. A kai wa malamin daji wannan lissafi tun da rani, domin tsiro yana bukatar watanni a wurin reno. A haƙa ramuka kafin damina, zurfin kamu ɗaya. Kada a yi dashe da ruwan fari, sai ruwa ya zauna ƙasa ta jiƙu sosai, galibi cikin watan Yuli. A cire ledar da tsiron ke ciki ba tare da an wargaza ƙasar saiwarsa ba, a bar ɗan kwari a gindi don ya tara ruwa.

Mafi yawan tsiron da ke mutuwa, akuya ce ke kashe shi da rani. Sai an kewaye shi da ƙaya, an sa mai gadi, shekara biyu ko uku, har kansa ya fi ƙarfin bakin dabba. A share ciyawar gefensa kafin lokacin gobarar daji. In itatuwa sun girma saiwarsu ta fara cin gona, a haƙa ɗan rami a tsawon jerin a datse ta. In za a sassake rassa, a yi wa layi ɗaya bana, a bar ɗayan sai wata shekara, don kada gona ta zauna tsirara.

A ƙarshe, littafin malamin hakimi ya nuna abu huɗu ga kowane ƙauye: irin da aka dasa, yawansa, ranar dashe, da yawan da ya rayu. Ƙidayar ta ƙarshe a watan Afrilu ake yinta, bayan zafin bazara ya gwada su, ita ce kuma za a kai gaban Sarki. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasa lafiya, amin.