Yadda Mutanen Ingila Suke Duban Sarautarsu

 

A zamanmu na jiya wani daga cikin manyanmu ya yi mini tambaya wadda ban sami sukunin amsa ta sosai ba, don lokaci ya ƙure. Ya ce, Sarkin da ba ya yanka hukunci, ba ya aza haraji, ba ya da ikon tuɓe ko da mai unguwa, ina dalilin da ya sa mutanensa suke riƙe da shi har yanzu? Kuma shin da gaske suna son sa, ko kuwa kara kawai suke yi masa? Amsar wannan tambaya ce zan yi ƙoƙarin kawo muku yau gwargwadon abin da ya sawwaƙa. Idan kun ji na ce Ingila, ina nufin ƙasar Birtaniya duka, watau Ingila da Sikotilan da Wels da Ailan ta Arewa, kamar yadda bakinmu ya saba.

Wannan sarauta ba baƙuwa ba ce gare mu. Dattawa a cikinku sun ji, wasu ma sun gani da idonsu, hawan dabar da aka yi wa Sarauniya Elizabeth a Kaduna a 1956. Ko bayan samun mulkin kai a 1960 ita ce Sarauniyar Nijeriya, sai ran 1 ga Oktoba, 1963, da ƙasar ta zama jamhuriya, aka raba wannan igiya.

Da farko ya kamata a san cewa ba don son ransu Sarakunan Ingila suka saki iko ba. A 1642 Sarki Charles na Farko ya shiga zauren Majalisar Wakilai da mutanensa ɗauke da makamai don ya kama wakilai biyar, ya tarar sun sulale. Abin ya kai ga yaƙin basasa, aka ci Sarki, aka yi masa shari'a, aka fille masa kai a bainar jama'a a 1649. Ƙasar ta yi shekara 11 ba Sarki. Da mutane suka ɗanɗana mulkin Cromwell da sojojinsa, sai suka aika aka kirawo ɗan wanda suka kashe, suka naɗa shi a 1660. Amma da ƙanensa, James na Biyu, ya nemi komawa gidan jiya, sai da ya gudu Faransa a 1688. A shekarar da ta biyo Majalisa ta rubuta sharuɗɗa: Sarki ba zai aza haraji ba, ba zai dakatar da doka ba, ba zai ajiye rundunar soja a lokacin zaman lafiya ba, sai da yardarta. Rabon da wani mai sarautar Ingila ya ƙi amincewa da dokar da Majalisa ta zartar tun 1708, zamanin Sarauniya Anne.

Har gobe ba su bar wannan labari ya ɓace ba. Ranar buɗe Majalisa, Sarki yakan zauna a zauren Dattawa, ya aiki manzonsa mai baƙar sanda ya kirawo wakilai. Manzo na isowa sai a maka masa ƙofa a fuska. Sai ya ƙwanƙwasa sau uku da sandarsa kafin a buɗe. Jawabin da Sarki zai karanta kuwa, ba shi ya rubuta ba, ministoci ne suka rubuta masa, ko ya yi masa daɗi ko bai yi ba. Ku malamai da kuka saba rubuta takarda a kai wa maigida ya duba ya gyara, ku lura: a can maigidan ne yake karanta abin da aka ba shi, bai daɗa ba, bai rage ba.

To, ina aikinsa? Shi yake naɗa Firayim Minista, amma tilas ya naɗa wanda yake da rinjaye a Majalisa. Kusan kullum ana kawo masa jajayen akwatuna cike da takardun gwamnati ya karanta. Sau ɗaya a mako Firayim Minista yakan zo su keɓe su biyu, ba magatakarda, ba a rubuta kome, Sarki ya yi tambaya, ya ba da shawara, ya yi gargaɗi in ya ga dama. Sauran aikinsa rangadi ne, da karɓar baƙi, da ba da lambobin girma, da jajanta wa waɗanda masifa ta faɗa wa.

Yanzu mu zo kan ra'ayin jama'a. Turawa suna da al'adar ƙidayar ra'ayi, watau a zaɓi mutum dubu ɗaya ko fiye daga kowane sashe na ƙasa, manya da yara, masu hali da marasa shi, a yi musu tambaya iri ɗaya, a lissafa. Akwai wata cibiyar bincike mai suna NatCen wadda take maimaita tambaya guda tun 1983: shin yana da muhimmanci ƙasar ta ci gaba da sarauta? A 1983 mutum 86 cikin ɗari suka ce i. A 2023 adadin ya sauko 54, a 2024 ya koma 51. Masu cewa a rushe sarautar ɗungum, a 1983 mutum 3 ne kacal cikin ɗari, a 2024 sun kai 15.

Ina roƙon ku tsaya kan wannan lissafi, don a nan maganar take. Idan aka cire 51 da 15 daga ɗari, za a ga saura kusan sulusin mutane. Galibin waɗannan ba su ce a rushe ba, ba su kuma ce a riƙe ba. Abin da suka ce shi ne ba ta da wani muhimmanci gare su. A ganina waɗannan su ne abin tsoro ga fadar Bakingham, sun fi masu zanga-zanga. Wanda ya tsaya bakin hanya yana yi wa Sarki ihu, aƙalla ya san ranar da Sarki zai wuce. Wanda ya ji tambari bai ko ɗaga kai daga aikinsa ba, shi ne wanda ba a san yadda za a shawo kansa ba.

Idan kuwa aka sake salon tambayar, aka ce a zaɓa tsakanin Sarki da shugaban ƙasa na ƙuri'a, Sarki yana gaba da rata. Kamfanin YouGov ya yi wannan tambaya gab da bikin naɗin Sarki Charles na Uku a 2023: mutum 58 cikin ɗari suka zaɓi sarauta, 26 suka zaɓi shugaba na ƙuri'a. Amma da aka rarrabe amsoshin bisa shekaru sai wani abu ya fito. Cikin waɗanda suka haura shekara 65, mutum 78 cikin ɗari suna tare da sarauta. Cikin 'yan shekara 18 zuwa 24, mutum 32 kaɗai, kuma masu son ƙuri'a a cikinsu, 38, sun fi su yawa. Haka kuma goyon bayan ya fi rauni a Sikotilan bisa ga Ingila kanta.

Ƙorafin masu ƙorafi ya fi yawa a kan kuɗi. Tun 1760 Sarki Joji na Uku ya miƙa wa gwamnati kuɗin shigar filayen sarauta, ita kuma tana yanka masa abin tafiyar da fada. Daga 2021 zuwa 2024 abin da ake yankawa fam miliyan 86 ne da 'yan kai a shekara, a 2025 aka ɗaga shi zuwa miliyan 132, aka ce don a ƙarasa gyaran fadar Bakingham. Masu goyon baya sukan ce ai ribar filayen da take shiga Baitulmali ta ninka wannan sau da yawa. 'Yan ƙungiyar Republic, masu neman a rushe sarauta, sukan ce filayen na ƙasa ne tun asali, kuma ba a sa kuɗin tsaro cikin lissafin ba. Bikin naɗin da aka yi ran 6 ga Mayu, 2023, ya ci wa gwamnati fam miliyan 72, a lokacin da talakawa suke kukan tsadar abinci da wuta. A safiyar ranar 'yan sanda suka kama shugaban ƙungiyar Republic tun bai fara zanga-zangarsa ba, daga baya suka sake shi ba tare da tuhuma ba, suka ce sun yi nadama. Wannan kamu ya yi wa ƙungiyar talla fiye da yadda kwalayenta za su yi mata.

Sa'an nan akwai sha'anin gida. Yarima Harry da matarsa sun bar aikin fada a 2020 sun koma Amurka, suka yi ta bayyana asirin cikin gida a talabijin da littafi. Wanda ya fi wannan muni shi ne na Andrew, ƙanen Sarki, saboda hulɗarsa da Jeffrey Epstein, attajirin Amurka da aka samu da laifin lalata da ƙananan 'yan mata. Shi Andrew ya musanta aikata laifi. Duk da haka an karɓe muƙamansa na soja a 2022, kuma a watan Oktoba na 2025 Sarki ya tuɓe masa sunan Yarima, ya ce ya tashi daga gidan da yake zaune a Winsa. Kun san nauyin mutum ya yi wa ɗan'uwansa ciki ɗaya haka. Mutane da yawa a Ingila cewa suka yi an makara.

Amma kada wani ya zaci yau aka fara. Bayan rasuwar mijinta a 1861, Sarauniya Bitoriya ta shige takaba ta ƙi fitowa shekara da shekaru, har ƙungiyoyin neman jamhuriya suka yi ta tsirowa a garuruwa wajen 1870. Da ta koma fita bainar jama'a, maganar ta lafa. A 1917, ana tsakiyar yaƙi da Jamus, Sarki Joji na Biyar ya ga sunan gidansu na Jamusawa ne, ya yar da shi ya ɗauki Winsa. A 1936 Edward na Takwas ya nace sai ya auri wata Ba'amurkiya mai saki biyu, gwamnati da coci suka ƙi, ya yi murabus bai cika shekara ba. A 1992 gobara ta ci wani sashe na fadar Winsa, da aka ji cewa da kuɗin talakawa za a gyara sai gari ya ɗauki gunaguni. Sarauniya Elizabeth ta yarda ta fara biyan harajin kuɗin shiga, aka kuma buɗe fadar Bakingham ga masu ziyara su biya su shiga, a yi gyaran da kuɗin. A 1997, da Gimbiya Diana ta rasu a haɗarin mota a Faris, Sarauniya ta yi zamanta a Sikotilan tare da jikokinta, jaridu suka yi mata ca. Ta sauko Landan, ta fito ta tsaya cikin masu makoki, ta yi wa ƙasa jawabi. Kowane karo hanyar ɗaya ce: a saki wani abu don a tsira da saura. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, in ji masu iya magana, kuma gidan nan ya daɗe da sanin haka.

Amfanin da masoyanta suke gani a gare ta ya bayyana a watan Satumba na 2022. Ran 6 ga wata Sarauniya ta naɗa Firayim Minista ta 15 a zamaninta, wanda ya faro daga Mista Cacil. Ran 8 ta rasu, bayan shekara 70 a kan gado. Cikin mako guda ƙasar ta sake shugaban gwamnati da shugaban ƙasa, ba wanda ya ji ƙarar bindiga sai ta ban girma. Kimanin mutum 250,000 suka bi layi don su wuce ta gaban gawarta, wasu sun kwana a tsaye. Gwamnati kuma takan mori fadar wajen sha'anin waje. A 2025, sa'ad da Shugaba Trump na Amurka yake ta faɗin Kanada ta zo ta zama jiharsu ta 51, gwamnatin Kanada ta gayyaci Charles, wanda Sarkinta ne ita ma, ya je Otawa ya buɗe Majalisa da kansa. Bai ambaci sunan kowa ba, amma wanda aka yi dominsa ya gane.

Sai dai wannan kamewa daga siyasa tana da iyakarta. A 2019 Firayim Minista Boris Johnson ya nemi Sarauniya ta rufe Majalisa mako biyar, ana tsakiyar rigimar fita daga Tarayyar Turai. Ta amince, domin al'ada ba ta ba ta damar ƙi ba. Kotun Ƙoli ce ta zo ta ce rufewar haramtacciya ce. Masu suka suka ce, to ina amfanin mai gadin da ba zai iya cewa a'a ba? Masoya suka amsa cewa ranar da ta ce a'a, ranar ta zama 'yar siyasa, rabin ƙasa ya juya mata baya. Ban ga wanda ya kayar da wani a wannan gardama ba.

A ƙetare kuwa, ban da Ingila, ƙasashe 14 ne suke riƙe da Charles a matsayin Sarkinsu. Barbados ta bi sawunmu ta zama jamhuriya a 2021. Ostareliya ta yi ƙuri'ar raba gardama a 1999, kusan 55 cikin ɗari suka ƙi sauyin, wasunsu ba don ƙaunar Sarauniya ba, sai don tsarin da aka kawo musu ya ce Majalisa ce za ta zaɓi shugaba, ba su ba. A tsibiran Karibiyan da wasu ƙasashen Afirka maganar cinikin bayi da ta'asar mulkin mallaka ita ce a gaba. Da Charles ya je Kenya a 2023 ya bayyana baƙin cikinsa kan abin da aka yi wa mutanen ƙasar, amma bai nemi gafara da sunan ƙasarsa ba, domin wannan kalma a hannun ministoci take.

Abin da masu bincike suke jira su gani shi ne halin samarin nan. Tun da aka fara ƙidaya, matasa sun fi dattawa sanyin jiki game da sarauta, kuma a da, idan suka manyanta suka yi iyali, sukan karkato. Bambancin yanzu shi ne daga ƙasa sosai suka faro, kuma tsohuwar da iyayensu da kakanninsu suka buɗe ido suka gani a kan kuɗi da kan sarki ba ta nan. An haifi Charles a 1948, ya hau gado yana da shekara 73, kuma a 2024 fada ta sanar yana fama da ciwon daji. An haifi Yarima William mai jiran gado a 1982, ɗansa Joji kuma a 2013. Waɗannan 'yan shekara 18 zuwa 24 da aka tambaya a 2023, su ne za su zama magidanta da wakilan Majalisa a zamanin William, kuma Majalisar da ta rubuta sharuɗɗan 1689 tana da ikon sake su da rinjayen ƙuri'a.

Nan zan tsaya, ranku ya daɗe. Wanda yake da tambaya kan kuɗin fada ko kan tsarin gado, sai ya ba malaminsa ya rubuto, mu duba bayan la'asar.