Baƙon Kifi a Ruwanmu: Gayya Muke Bukata, Ba Kwangila Ba



Na daɗe ina jayayya da abokan aikina masu ganin cewa duk inda aka zuba 'ya'yan kifi a ruwa, to an kawo ci gaba. Yau ma a kan wannan nake tsaye.

Ku dubi Tafkin Biktoriya a Gabashin Afirka. Giwan ruwa, wanda muke alfahari da shi a gasar Argungu, a ruwanmu ɗan gida ne, amma can baƙo ne. A shekarun 1950 aka sake shi daga ɓangaren Uganda, da niyyar ƙara wa masunta abin kamawa. Ya yi shiru kusan shekara ashirin, har aka ɗauka ba komai. A shekarun 1980 ya mamaye tafkin. Daga cikin kusan iri 500 na ƙananan kifayen da ba a samunsu a ko'ina sai can, kimanin 200 suka ɓace. Ɓarnar ba ta tsaya a ruwa ba. Ƙananan kifayen nan a rana ake shanya su, shi kuwa giwan ruwa mai kitse ne, sai an banda shi, don haka aka auka wa itatuwan bakin tafki da sara. Masana'antu a Mwanza da Kisumu suna fiɗar tsoka zuwa Turai, talakan da ke bakin ruwan ya koma sayen kai da ƙashi. Masu cewa ai an samu kuɗin shiga, sai su gaya mana aljihun wa ya shiga. Abin da nake so ku riƙe shi ne shirun nan na shekara ashirin: lokacin da aka farga, babu gwamnatin da ke iya kwashe shi.

Kada wani ya ce wannan labarin nesa ne. Tun shekarun 1950 aka shigo da kifin Turai gonar kifi ta Panyam, nan maƙwabtanmu a Filato. Yau kuwa kududdufan kiwo sun yawaita a kewayen Kafanchan, ana zuba tarwada 'yar ruwa biyu, haɗin tarwada da ramboshi, mai cin kowane ƙaramin kifi. Ga ruwan saman da muke sha a ƙasar nan ta ƙarƙashin duwatsun Kagoro. Ambaliya ɗaya ta watan Agusta ta isa ta kwashe kududdufi zuwa fadama. Tarwadarmu ta gida ma, da aka kai ta Indiya, sai da gwamnati ta haramta kiwonta.

To, wa zai yi gadi? Ɗan kwangila yakan zo sau ɗaya, a ɗauki hoto, ya tafi. A dausayin Haɗejiya da Nguru, bayan madatsun Tiga da Challawa sun sauya tafiyar ruwa, kachalla ta toshe hanyoyinsa, kuma mutanen ƙauyuka ne suka riƙa shiga da lauje da adda suna buɗewa. Mu a Kudancin Kaduna ba sai an koya mana gayya ba. Da ita muke noman citta.

Saboda haka kowane dagaci ya samu ƙungiyar sa-kai, masunta a gaba, matasan coci da na masallaci a baya. Da rani, idan ruwa ya janye ya bar guntayen tafkuna, a shiga da taru da koma, a tsame baƙon kifi a ci, a mayar da na gida, a rubuta abin da aka kama a littafi. Ɗaliban jami'ar jihar da ke nan Kafanchan su taimaka wajen tantance iri. Kama kifi da gubar Gamalin kuwa, kada ma a ambace shi: ba ya bambanta baƙo da ɗan gida, kuma ruwan muke sha.

Ga hukuma, buƙata biyu gare ni. A hana haƙa kududdufin kiwo a hanyar ambaliya, kuma kada a sake zuba wani kifi a rafi ko madatsa, har da ta Gurara, sai irin wanda asalinsa na ruwan ne.

Iyayen ƙasa, ku kira gayyar farko a ranin bana.