Allurar da za ta cinye faifan Kaka

 Yau maganar allurar garmaho za mu yi, saboda na lura yanzu da yawanmu sun fara tono tsofaffin faifan Shata da Ɗan Maraya Jos da iyaye suka adana cikin adaka, sai a sayo ɗan garmaho mai kamar jakar hannu a intanet, a ɗora, a yi bidiyo. To, dakata tukuna ɗan'uwa.

Garmahon nan in ya lalace, gobe ka sayi wani. Faifan fa? Yawancinsu an daina buga su, wanda ke hannunka in ya mutu shi ke nan. Kuma abin da ke taɓa faifan guda ɗaya ne tak, kan allura.

Abu biyu ne mutane ke haɗawa. Akwai katirij, wato ɗan akwatin da ke bakin hannun garmaho, shi ke mayar da girgiza ta zama lantarki. Sai allurar kanta da ke maƙale a jikinsa, mai ɗan ƙanƙanin lu'ulu'u a baki. Katirij kan yi shekaru, allura ce ke cinyewa. Ire-iren masu arahan nan kuwa sau da yawa bakinsu ba lu'ulu'u ba ne, wani dutse ne da bai fi ya yi awa 50 ba, ga shi suna danna faifai da nauyin giram 5 ko fiye. Da bakin ya dakushe sai ya koma kankare tsagin faifan, kai kana ta jin daɗin kalangu.

Farkon abin dubawa: faifan naka wane iri ne? In mai gudun 33 ne ko 45, tsaginsa siriri ne. In kuwa irin na da ne, mai nauyi, mai fashewa kamar tangaran, mai gudun 78, tsaginsa ya fi faɗi sosai, allurarsa ta ninka ta zamani kauri kusan sau huɗu. Ka sa masa siririya, sai ta nutse ƙasa ta riƙa kwaso shuuu. Akasin haka ya fi muni. Allurar ƙarfe ta garmaho mai wani da hannu, wadda a da ake canjawa bayan kowane juyi, kada ta kusanci faifan 33. Sau ɗaya ya isa ta kashe shi.

Sai maganar MM da MC, wadda ake ta cika mana kunne da ita. MM maganaɗisu ne ke motsi, kuma da yatsa za ka zare allurar ka sa sabuwa. MC waya ce ke motsi, ƙarfin lantarkinsa kusan kashi ɗaya cikin goma na MM, yana son amfilifaya ta musamman, kuma in allurar ta ƙare sai ka aika wa masu gyara ko ka sayi sabo dungurungum. Gaskiya mu da ke nan, a bar MC.

Ni abin da nake ba mai farawa shawara shi ne jerin VM95 na Audio-Technica. Jiki ɗaya ne, allurai daban-daban ke hawansa: mai zagayayyen baki, mai baki kamar ƙwai, har da ta faifan 78. Ka ga katirij ɗaya ya ɗauke maka duka adakar Kaka. Ortofon ma haka, allurar 2M Blue tana hawa jikin 2M Red. Kuma kada a ruɗe ka da cewa mai tsada ce ta fi. Tsohon faifan da ya sha wuya, mai zagayayyen bakin ta fi yi masa sauƙi, ba ta tona kowane ƙarce.

In ka gaji tsohon garmaho mai katirij na Shure, kamfanin ya daina ƙera su a 2018, amma Jico na Japan na yin allurai madadinsu. Karanta lambar da ke jikin katirij ɗin, da ita ake saye, ba da sunan garmaho ba. Ka kuma duba ɗaurin: sukurori biyu a sama, ko irin P-mount da ake turawa ciki, wanda ke kan garmahon Technics da yawa. Ba sa shiga wa juna.

Nauyi kuma. VM95 giram 2 yake so, in ba allurar faifan 78 ka sa ba. Wasu na ragewa wai don tausayin faifai, alhali allurar da ba ta zauna ba tsalle take yi tana dukan bangon tsagin, ɓarnarta ta fi ta nauyi kaɗan. Wasu kuma su ɗora kwabo a kai don ta daina tsallake waƙa. Don Allah a'a. Ɗan sikelin auna nauyin allura ba shi da tsada.

Ga ƙurar hunturu da ke shiga ko'ina. Share faifai kafin ka ɗora, allurar kuma ka goge ta da ɗan burushi daga baya zuwa gaba, ba gefe da gefe ba.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu taɓo wankin faifai. Sai mun haɗu.