A Sa Awo Kafin A Sa Gasa: Jawabi Kan Gasar Majanyi Da Bargon Jariri

Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin 'yan kwamitin baje koli, ɗan kasuwar yadi, ya gabatar a madadin kwamitin a babban taron ƙungiyarmu a nan Kontagora.

 



An ɗora mana nauyin mu yi bayani a kan abin da ya faru bara a wurin baje kolin sana'o'in hannu da muke yi bayan kaka, sannan mu kawo shawarar yadda za a gyara. Wani zai ce, a tara manya haka a kan majanyi da bargon jariri? To jama'a, ƙaramin abu ne a ido, amma duk wanda ya halarci wurin ya san yadda aka watse. Har yau akwai gidaje biyu a cikin ƙungiyar nan da matansu ba sa zuwa sunan juna, kuma an aiko mana cewa mata da yawa sun ce bana ba za su kawo kayansu ba. In mata suka janye, baje kolin ya mutu, domin su ne ƙashin bayansa.

Bari mu tuna wa juna yadda abin ya kasance, ba tare da kama sunan kowa ba. An zuba kayan jarirai gaba ɗaya a kan tabarma ɗaya: majanyi, zanen goyo, bargo na haɗin ƙyallaye, har da na saƙar ulu. Alƙalai suka duba, suka ba wani babban bargo na ɗaya. Bargon nan kyakkyawa ne, ba mu musa ba, amma da za a shimfiɗa shi a gadon amarya zai rufe shi. Wata baiwar Allah kuma ta kawo ɗan ƙarami, ɗinkin hannu, wanda ta yi wata uku tana haɗawa da guntayen atamfa da ta roƙo a shagunan teloli. Ta tambaya, gasar ta kayan jarirai ce ko ta wanda ya fi kuɗin sayen yadi? Alƙalai suka rasa amsa. Mai babban bargo ita ma ta ce ai ba wanda ya faɗa mata iyakar girma. Kun ga kowacce da gaskiyarta. Laifin namu ne mu 'yan kwamiti, da muka kira gasa ba mu faɗi awo ba. Mun amsa wannan laifi a gabanku, muna neman afuwa.

Mu 'yan kasuwa ai bai kamata a ce mu ne muka yi wannan sakaci ba, domin da awo muke ci. Kowa a nan ya san mudun wannan kasuwa ba lallai ya yi daidai da na waccan ba, shi ya sa mai sayen hatsi yakan fara tambayar da wane mudu za a auna kafin a yi maganar kuɗi. Tun muna Islamiyya aka karantar da mu Suratul Muɗaffifina, wadda ta yi kashedi mai tsanani a kan tauye ma'auni, aka kuma ba mu labarin Annabi Shu'aibu da mutanen Madyana. Hukunci tsakanin mutum biyu ba tare da ma'auni ɗaya ba, ko da kyautar turmin atamfa ce, yana iya zama tauye haƙƙi.

Akwai kuma wani dalili da ya shafe mu musamman. Tun da Umaru Nagwamatse ya kafa garin nan a 1864, mutane ke ta shigowa daga ko'ina. Iyayenmu wasu daga Kano suka zo, wasu Katsina, wasu Zazzau, wasu Sakkwato da Zamfara, suka zauna tare da Kambari da Dukawa da Fulani da Nufawa da Yarbawa. Kowa ya zo da al'adar gidansu. Wata majanyinta saƙi ne na ƙwarya-ƙwarya, irin wanda maza ke saƙawa siriri a haɗa. Wata ta saba da saƙar mata mai faɗi, irin wadda aka san Bida da ita. Wata kuma tawul ta sani, na kanti. In ka ce "majanyi" a taron nan, hoto uku ko huɗu ne zai zo wa mutane a rai. A garin da kowa asalinsa ɗaya ne ana iya cewa ai an sani. Mu nan dole sai an rubuta.

Wasu dattawa sun ce a auna da kamu kamar yadda aka gada. Muna girmama wannan, amma mun gwada a kwamiti. Kamun namiji matsakaici yakan kai wajen inci 18. Muka auna na wata baiwar Allah, inci 16 ya tsaya. In aka ce majanyi kamu huɗu, nasa zai ba da inci 72, nata kuma 64. Bambancin inci 8 ke nan, kuma wannan ya isa ya hana ɗauri kamawa. Saboda haka muka tsaya a kan tef ɗin tela, wanda ke da inci a fuska ɗaya, santimita a ɗayar. Tun cikin shekarun 1970 gwamnati ta koma kan mita da kilo, amma har gobe mu a kasuwa da yadi muke yanka, daga nan har Kantin Kwari. Yadi ɗaya inci 36 ne, wato santimita 91 da 'yan kai. Za mu rubuta duka biyun don 'yan makaranta su ma su gane.

Ba mu ne farkon masu yin haka ba. Ku dubi bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934. Dubban masunta ke faɗawa ruwa, amma a kan sikeli ake ɗora kifin a gaban kowa don a san wanda ya ci. Haka a Amurka, inda matan karkara ke gasar ɗinkin bargo a bukukuwan nunin amfanin gona, akan fitar da littafin ƙa'idoji tun kafin lokaci, a raba bargon babban gado daban, na jariri daban. Su abin ya zo musu da sauƙi, don katifar gadon jaririnsu awonta sananne ne, wajen inci 28 a faɗi, 52 a tsawo. Mu namu jaririn a bayan uwarsa yake yini, a gefenta yake kwana, don haka ba za mu kwafi awonsu ba. Jikin yaron da jikin uwar za mu duba.

Ga abin da muke kawowa gabanku. Na farko, a raba gasar gida uku, kowane da alƙalancinsa da kyautarsa: majanyi, zanen goyo, da bargon jariri.

Na biyu, majanyi ya kasance tsawonsa daga inci 72 zuwa 80, faɗinsa daga inci 16 zuwa 20. Dalili shi ne sai ya zagaye uwa da ɗa, ya bar abin ɗauri mai kyau a gaba. Gajeren majanyi haɗari ne, musamman ga macen da ke hawa babur ko take sunkuyawa a bakin murhu. Zanen goyo kuwa yadi biyu, da faɗin atamfa yadda ta fito daga kamfani.

Na uku, bargon jariri kada ya gaza inci 30 a faɗi da 36 a tsawo, kada kuma ya wuce inci 36 a faɗi da 45 a tsawo. Jariri sabon haihuwa tsawonsa wajen inci 20 ne, in ya shekara yakan kai wajen inci 30. Kun ga wannan awo zai yi masa har ya fara tafiya. Abin da ya wuce haka nauyi ne kawai. Ma'aikatan asibiti kullum suna jan kunnen iyaye mata cewa a kwantar da jariri rigingine, kada a bar wani abu ya rufe masa fuska, kada kuma a jibga masa kaya masu nauyi ko da a tsakiyar hunturu ne. Bai dace mu ba da kyauta ga abin da ungozoma za ta ce a cire daga kan yaro ba. Don haka ma muka ce ban da duwatsun ado da maɓalli da dogon zare da yaro zai iya cirewa ya kai baki.

Na huɗu, yadda za a auna. A kawo kaya a wanke, domin mu masu sayar da yadi mun san auduga tana shiga in ta sha ruwa. A shimfiɗa a kan tebur, ba ja, ba miƙewa. Geza ba ta cikin lissafi. An yafe inci ɗaya sama ko ƙasa, don aikin hannu ba aikin inji ba ne. Tef ɗaya za a yi amfani da shi, a gaban mai kayan ko wakiliyarta, a rubuta a littafi, a ba kayan lamba maimakon suna, yadda alƙalai ba za su san na matar wane ne ba.

Na biyar, alƙalai uku: tela ɗaya, masaƙi ko masaƙiya ɗaya, da ungozoma ɗaya. Wanda 'yarsa ko matarsa ko surukarsa ta shiga, ya sauka a wannan shekara.

Mun san akwai masu cewa ƙa'ida za ta daƙile gwaninta. A ganinmu ba haka ba ne. In girma ya zama ɗaya, abin da ya rage a duba shi ne kyan ɗinki, ƙarfin haɗi, tsarin launi da tsabtar aiki, kuma nan ne gwana ke fita. Ƙa'idar ma talaka ta fi karewa, domin in ba iyaka, mai yadi goma za ta riƙa danne mai guntaye kullum. Wadda kuma kayanta suka fita daga awo ba a kore ta ba: za a ba ta wuri ta baje, ta sayar, sai dai ba za ta shiga takara ba.

In kun amince, sakatare zai buga takardar da Hausar boko da ajami, a karanta a makarantun Islamiyya na matan aure wata uku kafin ranar, domin tun ran gini ran zane. Za a kuma ajiye samfurin kowane awo a shagunan teloli biyu, duk mai so ta je ta gwada nata kyauta.

Daga ƙarshe, muna roƙon shugaba da malamai su naɗa dattawa biyu da iyaye mata biyu su je gidajen nan da suka sami saɓani, su gaya musu kwamiti ya ɗauki laifin. Mun kuma yanke shawara a tsakaninmu, daga aljihunmu ba daga asusun ƙungiya ba, za mu ba mai ƙaramin bargon nan kyauta daidai da wadda aka bayar bara, ba tare da an karɓe ta wancan gida ba.

Wanda ke da gyara a kan lambobin nan ya faɗa yanzu kafin a sa hannu, musamman iyayenmu mata, don ku kuka san goyo, mu yadi kawai muka sani. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa namu ne. Allah ya raya mana zuriya, ya ƙara haɗa kanmu, ya zaunar da Kontagora da Jihar Neja lafiya.