Jawabi A Kan Nauyin Da Ake Ƙaddara Wa Ƙananan Gadoji Na Cikin Gari

Kafin injiniya ya sa a haƙa tushen gada, dole ya ƙaddara nauyin da za ta ɗauka. In ya ƙaddara da yawa, baitulmali ya yi hasara. In ya rage ainun, wata rana lori ya burma da mutane. Abin da zan yi magana a kai ke nan.

A shekarar 1986 masana na Turai suka auna motocin da ke bin babbar hanyar Faris zuwa Liyon, kusa da garin Auxerre a Faransa, gama tana cikin hanyoyin da manyan lorori suka fi bi. Da wannan awo aka tsara ƙa'idar gadoji ta Turai wadda ta fito a 2003. Ta ce a ƙaddara jerin ƙafa biyu, watau tayoyin hagu da dama waɗanda ƙarfe ɗaya ya haɗa, kowane jeri kamar tan 30, tsakaninsu mita 1.2. Sa'an nan a ƙara nauyi shimfiɗaɗɗe, kamar kilo 900 a kowace murabba'in mita, domin jerin gwanon motoci. Ba a yarda wa lori ya kai haka bisa doka ba. An haɗa da girgizar mota da kuma masu lodi fiye da kima.

To, sai hukumomin garuruwa suka ce, don me za a auna kadarkon unguwa da mudun hanyar Faris? Maganarsu da gaskiya, kuma ƙa'idar ta ba kowace ƙasa ikon ragewa, amma ta ba da shawara kada a sauko ƙasa da kashi 8 cikin 10, watau tan 24.

Ga inda nake so ku lura. Ku ɗauki gada mai tsawon mita 100, faɗin layin mota mita 3. Nauyin shimfiɗa ya kai tan 270, na ƙafafu kuwa 60 ne kaɗai. Nan yawan motoci shi ne abin tsoro. Amma kadarko mai mita 6, shimfiɗa kamar tan 16 ce kawai, ƙafafu suna nan 60 ɗinsu. Doguwar tirela ma ba ta hawa kansa gaba ɗaya, sai ƙafafun baya su danne shi su kaɗai. Ashe ƙaramar gada ba ta san ko hanya tana da zirga-zirga ko babu ba. Mota ɗaya ta siminti, ko tankar ruwa da ta ɓace hanya, ta ishe ta. Don haka wanda ya ƙidaya motoci ya ce kaɗan ne, a rage, a ganina bai kawo shaida ba tukuna. Sai ya ɗora su bisa ma'auni, ya faɗa mana wadda ta fi nauyi.

Jamusawa sun gwada ragin. A 2003 suka tsaya a tan 24, amma da lorori suka ƙaru, a 2012 suka koma 30.

In kuwa an rage wa kadarko, sai a kafa allo a bakinsa mai faɗin iyakar nauyi, a rubuta lissafin a ajiye a ofis, domin ran da aka rufe babbar hanya don gyara, ta kansa za a juyo da lororin.