Shanu sun shiga gona a Dakusa: ɓarna ce ko "rikici"?

Yau kalma guda na kawo muku, wadda kuke gani kullum a rahotannin ƙungiyoyi kuma kuke ji a rediyo. Da Ingilishi conflict, da Faransanci conflit. Asalinta daga Latin ne, ma'anarta abu biyu su bugi juna. Turawa sun mai da ita babban buhu: maƙwabta biyu na jayayya kan iyakar gona, conflict ne, ƙasashe biyu na ruwan wuta, conflict ne. Kai, har ma'aikacin da ya ba ƙanensa kwangila suna cewa yana cikin conflict, alhali ko ɗaga murya ba a yi ba.

Mu kuwa da muka tashi fassara, sai muka ce duk "rikici". To a nan gizo ke saƙa.

Hausa ba ta talauce haka ba. Akwai saɓani, wanda ko harshe da haƙori suna yinsa. Akwai gardama, baki ne kawai, a gama a sha shayi tare. Akwai jayayya da takaddama, inda kowa ke cewa abin nasa ne, kuma akwai mai raba su. Sai rigima, sai faɗa, an kai hannu ke nan. Rikici shi ne abu ya cuɗe, ya bar hannun mutum biyu ya koma na jama'a. Can sama kuma yaƙi, irin wanda aka gwabza a Tirmini a 1899, lokacin da sojojin Faransa suka ci rundunar Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga.

Mu ɗauki misali a nan gida. A ce bayan damina, hatsi na gona ba a gama kwashewa ba, hukuma ba ta sanar da sakin gonaki ba, shanu suka bar burtali suka faɗa gonar wani a karkarar Dakusa. Sunan wannan abu ɓarna. Yana da hanyarsa: a je wurin mai gari, a duba abin da aka ci, a ƙiyasta, a biya. In ba a daidaita ba a hau gaba wurin sarki, in sulhu ya faskara sannan kotu. Dokar karkara ta 1993 ma ta kafa kwamitocin kula da filaye, kuma a 2010 an ƙara wata doka ta musamman kan kiwo.

Amma wani yana zaune a fada a cikin Zinder, bai ga gonar ba, bai ga shanun ba, sai ya ɗauki waya ya rubuta a WhatsApp: rikicin manoma da makiyaya ya ɓarke a Dakusa. Kun ga abin da ya yi? Mutum biyu ne da magana, ya mai da su al'umma biyu. Wanda ke da ɗan'uwa a can ya fara neman sanda. Bafulatanin da ya kawo nono kasuwa, bai san hawa ba bai san sauka ba, ya ga ana harararsa. (Fada da faɗa, ƙugiya ɗaya ce ta raba su a rubutu, kuma mun san yadda wasu fadodin samarinmu suka ƙare.)

Kalmar tana cutarwa ta ɗaya gefen ma, kuma wannan ya fi damuna. A Toda, jihar Maradi, cikin Oktoban 1991, an kashe mutum fiye da 100, akasarinsu mata da yara na makiyaya. Har yau za ka ji ana cewa "rikicin Toda". Wane rikici? Rikici yana nuna kamar ɓangare biyu ne suka kara, kowa da nasa laifi. Jaririn da aka kashe da wa ya yi jayayya? Wannan kisan gilla ne. In ka kira shi rikici, ka riga ka raba laifin gida biyu tun alƙali bai zauna ba.

Wani zai ce mini ai 'yan jarida lokaci ne ba su da shi, kalma guda ta fi sauƙi. Na yarda akwai gaggawa. Amma "ɓarna" ba ta fi "rikici" tsawo ba, wallahi ku ƙirga haruffan.

Ni dai in labari ya shigo wayata daga ƙauye, tambaya nake yi kafin in tura: mutum nawa ne, an kai hannu ko baki ne, maganar ta je gaban mai gari? Sau da yawa sai ka tarar an riga an biya kuɗin damin da aka ci tun shekaranjiya, mu a birni ne ba mu ji ba.