Zangon Damina: Ina Za A Sauke Iyali Da Garke?

  Hadari ya fara haɗowa, manomi ya wasa fartanya. Yanzu ne garken da ya ci rani a kwarin kogin Weme yake juyowa arewa, mata su naɗe tabarmi, a ɗaure ƙore a kan takarkari, yara su sa maruƙa a gaba. Maganarmu ta yau a kan wurin sauka ce. Ina za a kwana a hanya? Ina za a kafa ruga har damina ta wuce? Ina ne kuma ba a kusanta, ko da ciyawarsa ta kai ƙirji?

Zaɓen zango tsohuwar sana'a ce a wannan ƙasa tamu. Fataken goro da ke tasowa daga Kano su ƙetare Kwara, ta Nikki da Faraku da Jugu suke ratsawa kafin su kai Salaga a ƙasar Gwanja. Unguwar Zango da kuke gani a Faraku ai daga nan ta samo sunanta. Madugu ba ya sauke ayari don ya ga inuwa ta yi masa kyau. Jagaba ne ke wucewa gaba, a gai da sarkin gari, a biya abin da ake biya, a nemi mai masaukin da zai tsaya wa baƙi in magana ta taso. Fulani ma haka suke da garso, wanda ke riga garke tafiya ya dubo ruwa da ciyawa, ya jiyo labarin mutanen wurin. Kun ga ke nan tun kaka da kakanni tambayar farko ita ce: ƙasar wa ce, wa kuma zai karɓe mu? Maganar ciyawa daga baya take zuwa. Yau da gonaki suka cika daji, wannan tambaya ta ƙara nauyi.

Bari mu fara da inda ba a sauka. Manyan gandayen daji biyu ne a arewacin Benin. Akwai gandun W, wanda ya samo suna daga yadda kogin Kwara ya yi lanƙwasa kamar wannan harafi na boko. An kafa shi a 1954, ya ratsa Benin da Nijar da Burkina Faso, a ɓangarenmu kuma ya yi iyaka da ƙasar Kandi da Banikwara da Karimama da Malanbil. Sai gandun Penjari, arewa da Tangiyeta, wajen iyakar Burkina. A 2017 hukumar UNESCO ta haɗa su da gandun Arli ta sa su cikin kayan tarihin duniya. A wannan shekarar ce gwamnati ta miƙa kula da Penjari ga ƙungiyar African Parks, a 2020 kuma ta miƙa mata ɓangaren Benin na W.

Kowane makiyayi ya san abin da ke ciki. Gamba har ta rufe sa, ga ruwan Mekuru da na Alibori da na Penjari, babu gona balle a ce ka yi ɓarna. Idan auduga ta mamaye ƙasar Banikwara, zuciya takan ce wa mutum: shiga mana, kwana nawa ne? To ɗan'uwa, kar ka bi ta. Doka ta hana kiwo a cikin gandun, wanda aka kama da garke a ciki yana fuskantar tara da kotu, dabbobinsa kuma su shiga hannun hukuma. A gefen W an ware kilomita 5 a matsayin tsakani, wani yanki nasa na kiwo ne, amma a wurare da yawa gonaki sun cinye shi. Kar ka auna iyaka da ido. Akwai ƙungiyoyin ƙauyukan bakin gandu da ake kira AVIGREF, akwai ma'aikatan gandun su kansu. Sa su nuna maka alama da hannu, ka nuna wa yaran da ke kora maka shanu, don su ne za su tsallaka ba kai ba.

Da ma a ce tara ce kawai, da da sauƙi. A watan Mayun 2019 aka sace Faransawa biyu masu yawon buɗe ido a Penjari, aka kashe ɗan ƙasa mai yi musu jagora. A Fabrairun 2022 nakiyoyin da aka binne a hanya cikin W suka hallaka mutum 9, har da masu gadin daji. A Janairun 2025 an kashe sojoji 28 kusa da mahaɗar ƙasashen uku, a Afrilu kuma gwamnati ta sanar da mutuwar wasu 54. Nakiya ba ta san saniya ba, ba ta san yaro ba. Masu bindiga kuma in sun same ka a daji, sai su karɓi dabba ko su aike ka sayen mai da abinci. Gobe soja ya ji labari, me za ka ce masa? Ka shiga tsakanin wuta biyu da matarka da 'ya'yanka. Ga zaki da giwa da kura, waɗanda nan ne gidansu. Duk ciyawar da za ta kai ka nan ta yi tsada.

Kusa da mu nan kuma akwai dazuzzukan gwamnati da ba su kai gandu tsanani ba. Mai bin hanyar Faraku zuwa Jugu, in ya kai gadar Weme a Beteru, dajin Weme ta Sama na arewa da shi, na Wari-Maro na kudu. Can wajen Kalale da Segbana akwai dajin Koguna Uku, akwai na Alibori ta Sama yamma da Gogunu. A wasunsu ana ba da izinin kiwo a ɓangaren da aka keɓe, in an biya kuɗi. Ofishin ma'aikatan daji za ka je tun kafin ka shiga, ka ji wane yanki ne aka yarda, ko an yarda a kafa bukka ko kuwa kiwon yini ne kawai. Ka biya, ka karɓi rasit, ka adana. Kuɗin da aka miƙa a gindin bishiya ba takarda, gobe wani zai zo ya ce bai san da shi ba. Sassabe rassan maɗaci da kawo da maɗobiya don shanu kuma shi ke yawan haɗa makiyayi da ma'aikacin daji. Tunda sabuwar ciyawa ta fito, a mai da gatari buhu.

To, ina za a sauka ke nan? A sauka inda aka san da zuwanka. Garso ko babban ɗa ya riga garke da kwana biyu ko uku. Ya fara da ardon yankin, ardo ya kai shi wurin delege, wato mai gari, a nemo mai ƙasar. A yi magana a gaban shaidu: daga ina zuwa ina, har wane wata, ta wace hanya shanu za su bi zuwa ruwa. Manomi da yawa na son taki a saurarsa, to a faɗi abin da kowa zai samu tun ranar farko. In akwai mai rubutu a rubuta, in babu a ɗauki muryar kowa a waya. Sai a taka burtali da ƙafa tun daga farko har ƙarshe. Burtalin da ka bi bara, bana ka tarar an yi kunyar doya a tsakiyarsa, ko an shuka waken suya, ko an dasa 'ya'yan kashu, waɗanda suka cika ƙasar Faraku da Jugu da Indali. Gara ƙafar mutum ɗaya ta gano haka da kofaton shanu ɗari.

In kuwa tsautsayi ya sa shanu suka shiga gona, Ardo, kar a tashi cikin dare. Wanda ya gudu ya bar wa rugar da ke kusa wuta, su ne za a far wa. A je wurin delege, a kira malamin gona ya ƙiyasta ɓarna, a ɗauki hoto, a biya a gaban shaidu. Kuɗin maraƙi ɗaya ya fi rai sauƙi.

Yanzu ga ƙasar ita kanta. Zangon rani daban, na damina daban. Da rani kowa bakin rafi yake nema, da damina kuwa tudu ake nema, inda ruwa ba ya kwanciya, iska na kaɗawa. Kurmin bakin kogi gidan tsando ne, tsando kuma shi ke kawo sammore. Shanun Bargu, wato keteku, suna ɗan jure masa, amma farare da jajayen arewa ba sa jurewa, sai ka ga saniya na ci tana ramewa. Fadama kuma ciwon hanta take kawowa, laka ta ruɓar da kofato, kaska ta yi yawa, kirci ya biyo baya. A shayar a rafi da rana tsaka, a koma tudu. Kar a kafa bukka cikin busasshen kwari don an ga yashi mai laushi. Ruwan da aka yi can nesa kan iso da dare alhali ko ɗigo bai sauka a kanku ba. Kududdufin da ke gefen gonar auduga ko masara ma a yi hattara da shi, lokacin feshin maganin ciyawa ne, wasu a nan suke wanke famfon feshi.

Sannan ka tuna ba garke kaɗai ka ɗauko ba. Kafin ka ce nan ya yi, tambayi uwargida, ita ce za ta ɗebo ruwa ta kai nono kasuwa. Rijiyar burtsatse na da nisa? An yarda baƙi su ɗiba? Babur zai iya shiga in ƙasa ta jiƙe? Waya na kamawa? Damina lokacin zazzaɓin cizon sauro ne da saran maciji, yaro kuma ba ya jira gari ya waye. In akwai mai ciki ko jariri, kar ku yi nisa da ƙaramin asibiti, ku kuma san hanyar babba: asibitin jihar Bargu a Faraku, na Ordre de Malte a Jugu, na Saint Jean de Dieu a Tangiyeta. Kowa ya kwana cikin gidan sauro. Kusanci da kasuwar dabbobi, irin ta Turu kusa da Faraku, ko Kolokonde ta wajen Jugu, ko Gogunu, shi ma riba ne. Nan za ka sai da ɗan bijimi ka sayi hatsi, nan za ka ga likitan dabbobi, nan kuma labarin hanya yake fara isowa.

Sai takardu. Yarjejeniyar CEDEAO ta 1998 ta ce mai ƙetare iyaka da garke ya riƙe takardar shaidar kiwo da ta nuna yawan dabbobi da allurarsu da inda za su, ya tsallaka da rana, makiyayi ɗaya ga shanu 50, kuma kada ya gaza shekara 18. Amma Benin ta yi nata kundin dokar kiwo a Afrilun 2019, a Disambar wannan shekara kuma ta hana shigowar garkunan ƙetare don kiwo. Nijar da Burkina da Mali kuwa sun fice daga CEDEAO a Janairun 2025. Don haka 'yan'uwanmu na Gaya da Kamba da Cikanda, kar wani ya ce muku tsohuwar takarda ta isa. Na gida kuma kowa ya riƙe katinsa na CIP, da takardar haihuwar yara, da katin allurar shanu, a ƙulle cikin leda. A shingen jami'an tsaro yanzu, wanda ba shi da takarda shi ake fara zargi.

Alhazai 'yan kasuwa, ku ma maganar ta shafe ku, musamman masu kai iyali gida in an yi dogon hutun makaranta. A tsara tafiya yadda magariba za ta same ku cikin gari: Faraku, Indali, Kandi, ko Jugu da Natitingu ga masu yin yamma. A sauka wurin mai masaukin da aka sani ko cikin tasha, ban da gefen titi a daji. Daga Kandi zuwa Malanbil, da daga Tangiyeta zuwa Forga, hanya na bin gefen gandu, to a bi ta da rana, kar kuma direba ya ce ya san wata 'yar hanya ta cikin daji da za ta kauce wa duwan. Bayan juyin mulkin Yamai na Yulin 2023 an rufe gadar Malanbil da Gaya, jama'a suka koma kwalekwale. Kwara in ta cika ba wasa ba ce. Ku kira na can ku ji halin da ake ciki kafin ku taso, kar kuma a sa yara cikin jirgin da aka danƙara wa buhuna.

Hausawa suka ce matambayi ba ya ɓata. A aika a tambayo tun garke bai motsa ba, a tambayi ardo, a tambayi delege, a tambayi ma'aikacin daji, a tambayi matan gida. Wanda ya ji wannan magana ya isar wa na daji da rediyonsa ba ta kama ba. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mu da iyalanmu da dukiyarmu, Ya sa manomi da makiyayi su ga kaka lafiya.